Zaren Tagulla a Kan Dutsen Hada

Bayan la'asar Mutlaƙ ya shigo gareji
da farar a-kori-kura, tirela na biye da ita,
raguna goma sha takwas na leƙen Ta'if ta tsakanin ƙarafa.
Ya ce, "Ya Hausawi, birkin baya na min gardama,
in na taka sai ya yi shawara kafin ya amsa."

Na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashi.
Hancina ya riga idona gani:
ƙaurin roba.
Ɗan ƙanwarsa ne ya yi haɗin, wai ya iya.
Ya jawo wuta daga wayar fitila,
siririya kamar zaren ɗinkin hula,
ya naɗe da salatif, ya karkaɗe hannu.

Na ce, Mutlaƙ, zo ka tsuguna.
Ƙafa huɗu gare ta, kowace da maganaɗisunta,
kowanne na shan amfiya uku in ka danna.
Lissafa, sha biyu ke nan,
kuma daga batir zuwa gindin tirela tafiya ce,
wuta ma takan gaji a hanya.
Ka taɓa shayar da raƙuma huɗu da bakin buta?

Ya yi dariya, ya tambayi kuɗi.
Na faɗa. Dariyar ta koma ciki.
"Waya ai waya ce," in ji shi,
"ba duk tagulla ba ce?"

Jazuli, ɗauko min gwangwanin shayin can.
A'a, na saman kanta, mai tsatsa.

Abin da ke ciki bai kai tsawon yatsa ba,
baƙi, a murɗe, kamar busasshiyar kuɓewa.
Ni na saka shi da hannuna,
shekara goma sha ɗaya ke nan, daren jajibirin Salla,
mai kauri ta ƙare, shaguna sun rufe,
mai mota na duba agogo, ni ina duba aljihuna.
Na ce za ta kai shi.
Ta kai shi kwana na bakwai a gangarar Hada,
inda birrai ke zama bisa katanga suna ƙirga motoci.
Can tirela ta tuna ta fi motar nauyi.
Mutumin ya rayu. Yana ɗingishi har yau.
In mun haɗu a masallaci shi ke fara yin sallama,
wannan ya fi zagi ciwo.

Mutlaƙ ya juya guntun a tafinsa,
bai ce komai ba, ya mayar, ya rufe gwangwanin da kansa.

Sai na warware mai kauri daga kan ƙwarya,
na ja ta tun daga kan batir, ba aro, ba ratse,
na sa mata mai yanke wuta na amfiya talatin kusa da tushe,
na bi da ita nesa da zafin salansa,
na kankare tsatsa har ƙarfe ya yi ido
kafin na ɗaure wayar ƙasa,
don wutar da ta tafi tana son hanyar komowa.
Jazuli na riƙe da tocila, yana hamma.
Ragunan sun yi shiru, kamar masu jiran hukunci.

Taka, na ce.
Ƙafafu huɗu suka amsa da murya ɗaya: ƙas.
Taka kuma.
Na kama wayar da yatsu biyu, sanyi ƙalau.

An kira magariba yana ƙirga riyal,
ya rage biyar, na bar masa.
Gajimare ya sauko har bakin titi,
jajayen fitilunsa suka nutse ciki.

Ya ce zai kira in ya isa ƙasa.
Bai kira ba.
A sana'armu, wanda ya sauka lafiya mantuwa yake yi.
Na sha shayina, na kife wayar hannu,
na mayar da gwangwanin saman kanta
inda idona zai riƙa cin karo da shi.